Tsuntsayen Da Ba Sa Sauka Daga Kan Tsauni

Wannan shirinmu ne na faɗakarwa kan muhalli da halittun da ke cikinsa. Yau hirar tsuntsaye za mu yi, amma ba waɗanda muka saba gani a bakin rijiya ko a kan rumbu ba. Sama za mu hau, can kan tsaunukan da ke tsakanin Najeriya da Kamaru, inda Allah Ya ajiye wasu tsuntsaye da duk faɗin duniyar nan ba a samunsu sai a nan.

Da jin haka wani zai ce, to yaya tsuntsu mai fiffike zai maƙale a wuri guda? Ai shamuwa kan zo mana da faɗuwar damina, in ruwa ya ɗauke ta yi kudu. Tsattsewar Turai kan ƙetare teku da hamadar Sahara ta zo ta ci rani a ƙasarmu. Me zai hana wani tsuntsu, in wuri ya yi masa ƙunci, ya tashi ya nemi wani? Wannan tambaya ce za mu bi a yau, domin wanda ya gane amsarta zai gane dalilin da ya sa sare ɗan kurmi guda a kan dutse ke iya jawo asarar da ba ta da mayarwa.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Gembu a Jihar Taraba ya san abin da ke faruwa bayan an wuce Serti an isa Mayo Selbe. Daga nan mota ke fara hawa, kwana bayan kwana, kuma kafin a kai Maisamari wanda ya taso yana gumi ya fara neman rigar sanyi. Ƙa'idar ita ce, duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6. Tudun Mambila yana kan tsayin kusan mita 1,600, saboda haka yanayinsa daban, itatuwansa daban, ƙwarinsa daban. Iska mai ɗauke da laima in ta bugi dutse ta hau sama sai ta huce ta zama hazo da yayyafi, shi ya sa a kurmin tsauni za ka ga rassan itatuwa sun lulluɓe da gansakuka, ƙasa kuma a jiƙe ko da an kwana biyu ba a yi ruwa ba. Tsuntsun da ya taso cikin wannan sanyi da wannan laima, abincinsa 'ya'yan itacen da ba sa fitowa sai a nan, in ka sauko da shi kwari bai san abin da zai ci ba. Ga zafi, ga cututtukan da sauro ke yaɗa wa tsuntsaye, ga kuma tsuntsayen kwari da suka riga suka mallaki wurin. Fiffikensa lafiya lau, amma ba shi da wurin zuwa.

Saboda haka ne masana ke kallon kowane tsauni a matsayin tsibiri. Ƙasar zafin da ta kewaye shi ita ce ruwan da tsuntsun ba ya iya ƙetarewa. Jerin waɗannan tsibirai ya faro ne tun daga cikin teku, daga tsibirin Bioko na ƙasar Ikwatoriyal Gini, ya hau kan Dutsen Kamaru mai aman wuta, wanda tsayinsa ya haura mita 4,000, ya bi ta Kupe da Manenguba, ya ratsa tsaunukan Bamenda inda Dutsen Oku ya kai mita 3,011, ya shigo mana ta Mambila da Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya mai mita 2,419. Akwai kuma reshe da ya karkata yamma zuwa Obudu a Jihar Kuros Riba. A wannan jeri kaɗai akwai tsuntsaye fiye da iri 25 da ba su da wani mazauni a duniya.

To ta yaya suka je can tun farko? Akwai zamunan da duniya ta yi sanyi fiye da yanzu, na baya-bayan nan kimanin shekaru 20,000 da suka wuce. Masana sun haƙo laka daga ƙarƙashin tafkuna irin su Barombi Mbo da Bambili a Kamaru, suka duba ƙurar furannin da ta kwanta a ciki tun wancan lokaci, suka ga itatuwan da yau sai a kan tsauni sun taɓa saukowa ƙasa sosai. Da sanyi ya sauko, tazarar da ke tsakanin dajin wannan dutse da na wancan ta ragu. Da zafi ya dawo, dajin ya koma sama, tsuntsayen suka bi shi, kowane gungu ya tsinci kansa a kan nasa dutsen. Masana sun yi saɓani kan ko dazuzzukan sun taɓa haɗewa gaba ɗaya ko tsuntsayen tsallake suka riƙa yi daga wannan zuwa wancan, amma shaidar zumuncin tana nan. A Obudu akwai wani tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke yawo gungu-gungu yana tonon ƙwari a cikin gansakukar rassa. 'Yan uwansa na kusa suna can tsaunukan gabashin Kwango da Ruwanda, tazarar fiye da kilomita 2,000, kuma a tsakani babu ko ɗaya.

Bari mu tsaya a kan wanda ya fi kowa suna a cikinsu, wato turako na Bannerman. Ɗan uwan kulkulu ne, wanda muka sani yana kururuwa a kan itatuwan bakin fadama, sai dai shi wannan ya sha ado. Jikinsa kore, wutsiyarsa shuɗiya, bakinsa rawaya, a kansa tukku ja. In yana zaune cikin ganye da ƙyar ka gan shi. Sai ya buɗe fiffike zai tsallaka zuwa wani reshe sannan jan da ke ɓoye a fukafukansa ya bayyana, ja wur. Wannan jan ma abin mamaki ne, domin launin yana ɗauke da sinadarin jan ƙarfe, abin da dangin turako suka keɓanta da shi a cikin tsuntsaye. A 1923 ne wani mai bincike, George Bates, ya bayyana shi ga masana, ya sa masa sunan David Bannerman, marubucin littattafan tsuntsayen Afirka ta Yamma. Mutanen Oku da Kom kuwa sun san shi tun kaka da kakanni. A masarautun wannan yanki, idan sarki, wanda suke kira Fon, zai karrama mutum saboda jarumta ko wata hidima, jan gashin turako yake soka masa a hula, kuma wanda ba a ba shi ba bai isa ya sa ba.

Wannan tsuntsu ba ya zama sai a kurmin tsaunukan yankin Bamenda, daga tsayin kusan mita 1,700 zuwa sama. Mambila ba ta da nisa da wurin, sanyinta ma ya yi kama da na can, amma ba a taɓa samunsa a Najeriya ba. Abincinsa 'ya'yan itatuwan kurmi ne, yana bin su daga wannan itace zuwa wancan gwargwadon lokacin nunarsu, kuma shi ba mai doguwar tafiya a sararin sama ba ne, gudu yake a kan rassa yana tsalle. In aka sare daji aka bar fili mai faɗi a tsakani, an datse masa hanya ke nan. Yawancin kurmin Bamenda ya riga ya zama gonakin masara da wake da dankalin Turawa da wuraren kiwo. Babban abin da ya rage shi ne dajin Kilum-Ijim da ke kewaye da Dutsen Oku, mai faɗin kusan hekta 20,000, wanda shi ne kurmin tsauni mafi girma da ya saura a duk wannan sashe na Afirka. Ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, IUCN, ta sa turakon cikin jerin waɗanda ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma gaskiyar magana ita ce makomarsa a ɗaure take da wannan daji guda.

A cikin wannan dajin dai akwai wani ɗan ƙaramin tsuntsu baƙi da fari, mai jan nama a saman ido, za mu kira shi mai jan gira. Shi ma ba a samunsa sai a tsaunukan Bamenda. Amma ku lura da bambancin. Turako a saman itatuwa yake rayuwa. Mai jan gira kuwa ya fi son sarƙaƙiyar da ke ƙasa, inda yake kama ƙwari, kuma sheƙarsa ba ta da nisa da ƙasa. To sai a saki awaki da tumaki cikin daji su cinye ƙananan tsirrai, mata da yara su tsince ƙirare, a bar manyan itatuwa a tsaye. Wanda ya hango daga nesa zai ce daji yana nan lafiya. Turako ma zai iya lallaɓawa na ɗan lokaci. Amma gidan mai jan gira ya rushe, kuma itatuwan da za su gaji manyan an cinye su tun suna tsiro. Wannan batu ina so mai sauraro ya riƙe shi da kyau: a daji ɗaya, kowane tsuntsu da nasa gurbin, wani sama, wani tsakiya, wani ƙasa, wani gefe. Ƙirga manyan itatuwa kaɗai ba ya nuna lafiyar daji.

A Dutsen Kamaru rabon ya fi fitowa fili, domin dutsen ya tashi ne tun daga bakin teku. Akwai wata fakara mai jan baki da jan ƙafa da ke zaune a kurmin gangarensa tsakanin kusan mita 850 zuwa 2,100. Sama da ita akwai wani ɗan tsuntsu mai baƙin kai da ke bin gefen daji daga wajen mita 1,800 har inda itatuwa suka ƙare. Su biyun a wannan dutse kaɗai suke. Can arewa da shi kuma, a Dutsen Kupe, wani likita mai sha'awar tsuntsaye, William Serle, ya samu wata 'yar uwar suda a 1949. Bayan 'yan shekaru aka daina ganinta, har wasu suka fara fitar da rai, sai a 1989 aka sake cin karo da ita a dutsen. Shekara kusan 40 tana nan a ɗan gurbinta ba wanda ya san halin da take ciki. Daga baya an same ta a tsaunukan Bakossi da ke maƙwabtaka.

Za mu ɗan dakata a nan mu sha iska, in mun dawo sai mu shigo gida Najeriya.

(Kiɗa)

Madalla, barkanmu da dawowa. Ga wanda ya kama mu yanzu, muna hira ne a kan tsuntsayen tsaunukan Najeriya da Kamaru, da dalilin da ya sa kowannensu ya maƙale wa wurinsa.

A gefen yammacin tudun Mambila, kusa da ƙauyen Yelwa a Ƙaramar Hukumar Sardauna, akwai gandun dajin Ngel Nyaki, wanda aka keɓe a 1969. Faɗin gandun ya kai murabba'in kilomita 46, amma ainihin kurmin da ke ciki bai wuce murabba'in kilomita 7 da 'yan kai ba, a maƙale a jikin gangare inda wuta da gatari ba su kai ba. Sauran duk ciyawa ce da 'yan siraran guntayen kurmi da ke bin bakin ƙoramu. Duk da ƙanƙantarsa, har birin cimfanzi yana ciki. Tun farkon shekarun 2000 wata masaniyar tsirrai daga Jami'ar Canterbury ta ƙasar Niyu Zilan, Dokta Hazel Chapman, ta kafa tashar bincike a wurin, inda ɗaliban jami'o'in Najeriya da matasan Yelwa ke aiki tare. Mahaifinta ne ya zaga waɗannan dazuzzuka yana rubuta itatuwansu a shekarun 1970, saboda haka akwai ma'aunin da za a gwada jiya da yau.

Tsuntsaye biyu na wannan wuri sun isa su nuna mana yadda zaɓin mazauni yake. Na farko shi ne wanda masana ke kira da sunan Crossley, mai ƙirji ruwan goro, mai tsananin kunya. A ƙasa yake kiwo, cikin duhun kurmi, yana juya ruɓaɓɓen ganye yana neman tana da ƙwari. Abin da yake buƙata inuwa ce mai kauri da ƙasa mai laima. Da zarar an buɗe daji rana ta shiga ta busar da ganyen, ko shanu sun tattake ƙasar ta yi tauri, shi ke nan ya rasa abinci. Na biyu kuwa marai ne, shi ma mai sunan Bannerman, rawaya mai baƙar fuska. Ba ya tara jama'a a itace ɗaya yana hayaniya kamar maran da muka sani a gari, bibbiyu suke zama. Shi bai damu da tsakiyar kurmi ba, gefe yake so, inda daji ya haɗu da ciyawa, da sarƙaƙiyar bakin rafi, har gonar da aka bar wa 'yan itatuwa yakan leƙa. Ana samunsa a Mambila da Obudu da tsaunukan Kamaru. Ɗaya yana son ciki, ɗaya yana son baki, amma abin da ya haɗa su shi ne su biyun ba sa sauka ƙasar zafi, kuma su biyun ba sa rayuwa a tsirarar ciyawa.

Nan ne maganar 'yan guntayen kurmin bakin ƙorama ta shigo, kuma a ganina su ne abin da aka fi rainawa alhali sun fi komai muhimmanci. Wani faɗinsa bai wuce taku 20 ko 30 ba. Amma su ne hanyar da tsuntsu ke bi daga wannan daji zuwa wancan ba tare da ya fito fili shaho ya gan shi ba. Ta nan matasan tsuntsaye ke bi su sami abokan aure a wani gungu, jini ya gauraya. In suka yanke, kowane ɗan daji ya zama kurkuku, abin da ke ciki ya yi ta raguwa har ya ƙare ba tare da an harbi ko ɗaya ba.

Me ke cinye su? Wuta ce kan gaba. Mambila ƙasar kiwo ce, sanyinta da rashin ƙudan tsando suka jawo garkunan shanu masu yawa tun tsakiyar ƙarni na 20, kuma makiyayi na ƙona tsohuwar ciyawa da rani don sabuwa ta tsiro wa dabbobinsa. Wannan ba mugunta ba ce, sana'a ce, kuma duk mai cin nama da shan nono yana da hannu a ciki. Matsalar ita ce lokacin ƙunar. Wutar da aka sa a farkon rani, ciyawa da sauran ɗanyenta, takan tafi a hankali ta mutu a bakin kurmi. Wadda aka sa a Fabrairu ko Maris, komai ya bushe ƙayau ga iska, takan kutsa cikin gefen dajin ta kashe ƙananan itatuwa. Bana ta ci taku 2, baɗi ta ci 3. Sai shanu su biyo baya neman ruwa da inuwa, su tattake abin da ya tsira. Manomi kuma na ganin bakin rafi ne wurin da ya fi albarka, sai ya share ya shuka. Kowa da hujjarsa, amma kurmin ne ke biya.

Wani zai ce ai Mambila cike take da itatuwa, ga turare nan, wanda mutanen wurin ke kira zaiti, ko'ina ka duba. Gaskiya ne, kuma itacen ya yi wa mutane rana: katako, ginshiƙin ɗaki, itacen girki, kuɗin makarantar yara. Har ma ya rage wa kurmi nauyin gatari. Amma asalinsa daga Ostireliya yake, ba ya 'ya'yan da tsuntsayen kurmi ke ci, kuma ƙarƙashinsa fayau yake ba sarƙaƙiya. Gonar zaiti gona ce, a ɗauke ta a matsayin gona. Kada a sare kurmi a dasa zaiti a ce an mayar da daji, kada kuma a dasa shi a kan idon ruwa, domin itace ne mai shan ruwa da yawa.

Ba da nisa ba akwai Gashaka-Gumti, gandun dajin ƙasa mafi girma a Najeriya, wanda aka kafa a 1991, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 6,000. An rubuta tsuntsaye fiye da iri 500 a cikinsa, kuma dalilin wannan yawa shi ne gandun ya tashi tun daga ƙasar zafi har ƙololuwar Chappal Waddi, kowane mataki da nasa mazauna.

Yanzu mu karkata zuwa Filato. Tudun Jos bai da kurmi mai hazo irin na Mambila, duwatsu ne masu sarƙaƙiya da ciyawa, mafi tsayinsu a Shere ya haura mita 1,800. Amma yana da labarin da na fi so a duk wannan fanni. Bahaushe ya ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. To akwai wasu 'yan baƙaƙen tsuntsaye masu sheƙi da ba sa gina sheƙa. Macen takan saci jiki ta saka ƙwanta a sheƙar ba'u, ɗan jan tsuntsun nan da ke tsince-tsince a tsakar gida. Ba'u ya ƙyanƙyashe, ya ciyar da baƙon tare da nasa 'ya'yan, domin har zanen cikin bakin ɗan baƙon ya yi kama da na 'ya'yan gida. In baƙon ya girma, in namiji ne, sai ya riƙa rera kukan gidan da aka rene shi. Kowane irin baƙin tsuntsun yana da irin ba'un da yake bi, saboda haka in ka saurari kukansa za ka san wa ya rene shi.

Wani masani daga Jami'ar Michigan ta Amurka, Robert Payne, ya naɗi kukan irin wannan baƙin tsuntsu a tudun Jos, ya ji yana kwaikwayon wani ba'u da kukansa bai dace da na waɗanda aka sani ba. Bin diddigin wannan kuka ne ya kai ga gano cewa akwai wani irin ba'u daban a cikin duwatsun, mai jan baya, wanda aka bayyana wa duniya a 1998. Ku duba, a 1998, a bayan garin Jos. Ba'un dutse ke nan. Bayan Filato an same shi a duwatsun Mandara da ke iyakar Najeriya da Kamaru. Binciken da aka yi a gandun Amurum, mai faɗin kusan hekta 300 kusa da ƙauyen Laminga, ya nuna cewa yana manne wa duwatsu masu sarƙaƙiya, da rani kuma dole ya sami ruwa a kusa, sai ya riƙa sauka kurmin bakin rafi ya sha. Shi bai kai ga shiga jerin masu fuskantar ƙarewa ba tukuna. Amma ana fasa duwatsun a yi tsakuwa, ana sare sarƙaƙiyar a yi girki, kuma duk abin da ya sami ba'un ya sami baƙon da ya dogara da shi. A Amurum ɗin ne aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a 2001, haɗin gwiwa da Jami'ar Jos, wadda ta yaye matasa masana da yawa daga Najeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma.

Akwai wata barazanar da ba ta buƙatar gatari ko ashana. Duniya tana ɗumama, kuma in zafi ya ƙaru, sanyin da tsuntsun tsauni ke buƙata sai ya matsa sama, shi ma ya bi shi. An ga haka a ƙasar Peru. A 1985 masana suka ƙirga tsuntsayen wani dutse mai suna Pantiacolla, wanda tsayinsa ya ɗan haura mita 1,400. A 2017 aka koma aka sake ƙirgawa ta hanya iri ɗaya. Yawancin tsuntsayen sun ƙara hawa sama, kuma cikin iri 16 da a da suke zaune a ƙololuwa, 8 ba a same su ba. Wanda ke can sama ba shi da sauran wurin hawa. Mu a nan ba za mu iya tsayar da ɗumamar duniya mu kaɗai ba. Abin da ke hannunmu shi ne mu bar daji a haɗe daga gangare zuwa sama, don in lokacin matsawa ya zo tsuntsun ya sami hanya.

Na san akwai mai sauraron da zai ce, malam, mutane na fama da tsadar abinci kana maganar tsuntsu. Tambaya ce mai kyau, ga kuma amsa. Kogin Donga daga Mambila ya taso. Kogin Taraba daga tsaunukan Gashaka. Kogin Katsina-Ala daga tsaunukan Bamenda. Dukkansu Binuwai suke zuba wa. Kurmin da ke kan dutse shi ke tare ruwan damina ya shiga ƙasa, ya riƙa tsatsowa a hankali har cikin rani. In ya tafi, ruwa ya kwarara lokaci guda ya tafi da ƙasar noma, a sami ambaliya a kwari da damina, a sami busasshiyar ƙorama da rani. Saniyar da ta tattake kurmin ita za ta fara rasa wurin sha. Su kuma tsuntsaye masu cin 'ya'yan itace su ke shuka dajin, suna haɗiye 'ya'yan su kai irin wani wuri su zubar. A Ngel Nyaki an kewaye wasu filaye da shinge aka hana wuta da shanu shiga, sai ga itatuwan kurmi suna tsirowa a inda da ciyawa ce zalla. Bayan wannan duka, halittar Allah ce da aka ba mu amana, kuma irin da ya ƙare ba mai dawo da shi.

Abin kuma ba gagara ya yi ba. A Kilum-Ijim, tun daga 1987 ƙungiyar da yau ake kira BirdLife International ta fara aiki da mutanen wurin. Ba a kori kowa ba. Sarakunan Oku da Kom da Nso da majalisunsu na gargajiya suka shiga, aka shata iyakar daji da yardar jama'a, aka kafa kwamitocin ƙauyuka masu lura da wuta da awaki. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa bayan shekaru ana asara, iyakar ta tsaya, wasu wuraren ma dajin ya fara dawowa. Abin da ya ƙarfafa mutane har da zuma. Masu amya a Oku na samun wata farar zuma mai kauri daga furannin itatuwan wannan kurmi, wadda a 2013 aka yi mata rajistar da ta hana a sayar da wata zuma da sunanta. Mai amya a daji shi ne farkon mai fitowa in ya hango hayaƙi. Rikicin da ya ɓarke a yankin tun 2016 ya kawo wa aikin cikas ƙwarai, amma aikin ya riga ya nuna cewa dajin da mutanen wurin ke cin moriyarsa shi ne dajin da ke tsira.

Saboda haka kirana ga ardo-ardo da jauro-jauro da masu unguwanni na Mambila da Gashaka da Filato da Mandara shi ne, a zauna da makiyaya da manoma tun kafin kaka ta wuce, a tsayar da lokacin ƙuna, a yi ta da wuri. A share ciyawa a kewayen kurmi kafin a sa wuta. A ware wa shanu mashaya guda a kowace ƙorama, a bar sauran bakin ruwan da itatuwansa. Manomi in zai share gona ya bar wa rafi 'yan taku. Ku kuma 'yan makaranta da ke riƙe da danƙo, ku ajiye shi ku ɗauki littafi da biro, ku rubuta tsuntsun da kuka gani da wurin da kuka gan shi da ranar. Akwai aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar Amurum ke jagoranta, wanda ya dogara da irin wannan rahoto daga mutanen gari, kuma tsaunukanmu na cikin wuraren da aka fi buƙatar masu sa ido.

Nan za mu dasa aya a shirinmu na yau. Wanda yake da kurmi a bakin ƙoramar ƙauyensu, muna roƙonsa ya kai wannan magana gaban mai gari kafin ranin bana.